Ranar da Aka Hana Mu Yi wa Kaka Tausa

Mu da ke bakin wuta ran nan ba mu da yawa. Akwai Kaka Tumba, uwar babanmu, zaune kan tsohuwar tabarmarta ta jingina da bangon ɗaki. Akwai Innarmu tana ɓarar gyaɗa a faifai. Akwai yayata Kulu, da ni Dije, da ƙanenmu Garba, wanda lokacin ko maganarsa ba ta gama nuna ba. Sai Baffa Nomau, wan babanmu, da ya zauna can gefe kan kututture, alhali shi ba mai zaman hirar mata da yara ba ne. Babanmu Umaru ba ya nan, ya tafi cin rani tun da aka sa gero a rumbu. Ƙauyen namu yana kusa da Kurawa. Yau babu kowa cikinsa, mutanen daji sun tashe mu, amma a lokacin gari ne mai hayaƙi a kowane gida.

Kaka ba ta ba da tatsuniya sai da hannu a jikinta. Haka muka taso muka tarar. Da an sallame isha'i, Inna za ta ɗora ɗan kasko a gefen wuta da man shanu a ciki, wanda wata Bafulatana mai kawo mana nono ke kawowa. In ya narke sai Kaka ta miƙe ƙafafu ta ce, "Ina ma'aikatana?" Kulu ta kama dama, ni in kama hagu. Daga tafin ƙafa ake farawa, a murza shi da babban yatsa, a ja yatsun ɗaya bayan ɗaya, a hau sha-raɓa ana matsawa ana saki kamar mai kwaɓin gari. In ka kuskura ka danna gwiwa, dunƙule kake sha a ka. "Nama ake bi, ke, ba ƙashi ba. Ƙashina ya yi miki mi?" In an gama da ƙafafu ta kwanta rubda ciki, Garba ya dafa bango ya taka mata baya da ƙananan ƙafafunsa, Inna kuma ta kama kafaɗu da ƙeya. To a nan ne tatsuniya ke fitowa.

Ni tun ina ƙarama ba mai yawan magana ba ce, mai kallo ce. Abin da na lura da shi shi ne, duk daren da aka yi wa Kaka tausa, da safe da kanta take tashi ta ɗauki buta, ta kira kowa da sunansa, har ta yi wa Inna faɗa kan kaurin kunu. In aka kwana biyu ba a yi ba, sai ka ga tana jan ƙafa, tana laluben bango, ta dube ni ta kira ni da sunan wata ƙanwarta da ta rasu tun ba a haifi babanmu ba. Ban gaya wa kowa ba. Wa zai tambayi yarinya?

Shekarar nan gero ya yi kyau, girbi ya yi tsawo. Babba da yaro kowa na gona, mu dawo mu ci tuwo ido a rufe mu zube. Kasko ya bushe a bayan randa, ba wanda ya tuna da shi. Wata asuba aka wayi gari babu Kaka a ɗaki. Sai a gidan maƙwabcinmu Arzika aka same ta, tsaye a ƙofar ɗakin matarsa Hakama, tana cewa ta zo kiran ƙawarta su tafi rijiya. Ƙawar nan tata a gidan ta yi aure, gaskiya ne, amma ta daɗe a ƙasa. Aka yi dariya aka rako ta gida.

Ba a jima ba ɗan Hakama, Sani, ya kwanta. Zazzaɓi, sannan fizge-fizge, ido na juyewa. Dariyar ta ƙare. Aka fara cewa mi tsohuwa ta je yi ƙofar ɗakin da yaro ke kwance, da asuba, kowa na barci? Kalmar da ba a so ta fito: mayya. Ta kama kurwar yaro.

A wurinmu in an zargi mutum da maita, akan kawo shi ya tsallake marar lafiya, wai ta haka yake sakin abin da ya kama. Aka zo aka tafi da Kaka. Ina cikin yaran da suka leƙa ta danga. An kwantar da Sani a tsakar gida, aka ce ta tsallake. Kaka ta tsaya tana dubansu, ba ta gane abin da ake so da ita ba. Da aka matsa mata ta yi ƙoƙarin ɗaga ƙafa, ƙafar ta ƙi barin ƙasa. Ta sake, ta yi tangaɗi. Ni na san dalili, ƙafar da ta yi wata ba ta ga hannu ba ce, ta sandare. Amma mutane suka ce, "Kun gani? Ta ƙi. Ba ta son sakinsa."

Daga ranar Baffa Nomau ya daina fita dandali. Uwarsa ce, ita ta haife shi, amma tsoro ya shige shi, tsoron mutane da tsoron kada maganar ta zama gaskiya. Ya kafa doka, kada yaro ya ƙara taɓa jikin Kaka, don an ce ta hannu suke kamawa. Ya kuma fara ɗaura wata bukka a bayan rumbuna, wajen danga, inda muke zubar da toka. Can za a mai da ita, a riƙa miƙa mata abinci ta kan danga har gari ya lafa. Ran da nake ba ku labari an gama baibaye bukkar. Da safe za a kai ta. Shi ya sa Baffa ya zauna bakin wutarmu, gadi yake.

Sanyi ya fara sauka. Kaka ta miƙe ƙafafu wajenmu kamar yadda ta saba, yau ta tuna.

"Ina ma'aikatana?"

Ba wanda ya motsa. Kulu ta ce wai kara ya yanke ta a hannu. Garba, da bai san doka ba, ya taso da gudu zai hau bayanta, Baffa ya cafke shi ta riga ya zaunar da shi kusa da shi.

Kaka ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. "To. Yau ragwaye sun ci gari. Za ni ba ku tatsuniyar haka nan, a bushe. Ku buɗe kunne, ga wata tana tafe."

Muka amsa can ƙasa, "Ta iso, mun yi mata shimfiɗa."

Ta ce a wani gari a bakin gulbi an yi wata tsohuwa mai ɗiya da jikoki har ba ta iya ƙirga su. A gulbin akwai wani abu, ba mutum ba, ba dabba ba, ba shi da ido, ba shi da baki. Sunansa Mai-Hawa. In gari ya yi shiru yakan fito ya bi gida-gida yana shinshinar jikin tsofaffi. Duk inda ya ji ƙanshin hannun mutum, sai ya ja da baya, don hannun mutum wuta ne a wurinsa. Inda bai ji ba, nan yake kwanciya. Kuma duk inda ya kwana, da safe wurin ya zama icce.

Wata shekara aiki ya yi wa mutanen gidan yawa, suka manta da tsohuwa. Mai-Hawa ya zo ya shinshina yatsun ƙafarta, bai ji kowa ba, ya kwana. Da safe yatsun sun zama icce, kuma ta manta hanyar rijiya. Ya dawo ya kwana a sha-raɓa, ta manta hanyar gona. Ya hau gwiwa, ta tsaya salla ta rasa inda ta kai. Jikoki suka ƙwanƙwasa ƙafarta suka ji tana ƙara kamar turmi, suka ruga suka gaya wa iyayensu. Iyayen suka ce, "Kada wanda ya ƙara zuwa kusa da ita, abin nan ɗauka ake yi."

"Da suka ja baya," in ji Kaka, "sai Mai-Hawa ya samu fili. Ya hau ƙugu. Da ya hau ƙugu, sai..."

Ta tsaya. Muka jira. Bakinta na motsi, babu magana. Ta dubi wuta, ta dubi bango, ta dubi hannuwanta kamar na wani ne aka ba ta ajiya. Sai ta dube ni, kuma wallahi babu ni a cikin idon nan.

"Ke ɗiyar wa? Nan gidan wa ne? Ku kai ni gida, Innata na nemana, rana ta faɗi."

Ta yunƙura za ta tashi, ƙafafun suka ƙi. Ta fara kuka irin na ƙaramin yaro. Garba ma ya fashe da kuka. Kulu ta riƙe zanena. Ni dai ƙafafun Kaka nake kallo cikin hasken wuta, busassu, fatar ta yi fari-fari ta tsattsage kamar ɓawon icce, na ce a raina ya iso, yana nan tare da mu, ga shi ya kai ƙugu. Ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba. Ko daren da mutanen daji suka shigo mana da babura, na ji tsoro, amma na san abin da nake gudu. Ran nan ban san inda za ni gudu ba.

Inna ta ajiye faifai. Innarmu mace ce mai kunyar surukai, ban taɓa jin ta ɗaga murya gaban Baffa ba. Ta shiga ɗaki ta fito da kasko, ta kankare ɗan man da ya rage a ƙwarya, ta ɗora a gefen wuta.

Baffa ya ce, "Uwar Dije, mi za ki yi?"

"Abin da ake yi, Yaya."

"Ba ki ji abin da na ce ba?"

"Na ji. Ka ce kada yaro ya taɓa. Ni na wuce yaro."

"Ki ji tsoron Allah. In aka ji, gobe da ke za a haɗa. A ce a gidan nan gado ne. Wa zai auri Kulu? Wa zai ci tuwonki?"

Inna ta durƙusa gaban Kaka ta ɗora ƙafar a cinyarta. Na gani, ita ma tsoron take ji. Ba ta dubi Baffa ba ta ce, "Wagga ƙafa ita ta goya ka zuwa gona. In tana cin mutane, da kai za ta fara, kana ɗanye."

Baffa ya miƙe tsaye. Na ɗauka zai fizge ta. Ya tsaya a kansu, inuwarsa ta rufe bango, sannan ya koma kan kututturensa ya sunkuyar da kai.

Inna ta fara daga tafin ƙafa. Kaka ta yi ta fizgewa tana cewa a sake ta. Inna na cewa, "Ni ce, Gwaggo. Ni ce matar Umaru. Kwanta." Ta bi yatsu, ta hau sha-raɓa, ta koma ɗaya ƙafar. Ta daɗe, har iccen wuta ya ci ya faɗi Kulu ta ƙara wani. Kukan ya koma ajiyar zuciya. Inna ta zagaya baya ta kama kafaɗu, ta sa yatsu a ƙeya tana murzawa a hankali. Can sai muka ji Kaka ta ce, da muryarta ta kullum:

"Ke, hannunki ya yi kaushi. Gyaɗa kike ɓara ko duwatsu?"

Kulu ta yi wata irin dariya mai haɗe da kuka.

"Ina muka tsaya?" in ji Kaka.

Na ce, "Ya hau ƙugu."

"Ya hau ƙugu, Dije, ƙawata mai ido kamar na mujiya." Ta ci gaba kamar ba abin da ya faru. Da ya hau ƙugu, tsohuwa ta manta sunan garinsu. Ya hau baya, ta manta fuskar mijinta. Tana zaune tsakar gida tana kira, "Ku zo ku taɓa ni, ko da yatsa ɗaya," su kuwa suna kewaye ta daga nesa da ƙwaryar abinci. Ran da ya kai wuya, sunayen ɗiyanta kaɗai suka rage mata, sai ta haɗiye su don kada ya ƙwace. Da safe suka tarar da kututture a tsakar gida.

Shekara ta zagayo, sanyi ya zo, icce ya yi wuya. Wani cikin ɗiyan ya ce, wanga kututture ya tsare mana wuri. Suka faskara shi suka hura wuta, suka zauna suna jin ɗumi. Wuta na kamawa sai suka ji tana magana. Duk ƙarar da icce ya yi, sunan ɗaya daga cikinsu ne. Ta kira babban, ta kira mai bi masa, har jinjirin da ke goye. Ba ta tsallake kowa ba. Suka watse da gudu, amma ina za su? Shi kuwa Mai-Hawa yana bakin danga yana shinshinawa, yana neman wanda ya fi tsufa cikin waɗanda suka rage.

"Nan ta zube," in ji Kaka, "wanda ya tsince ta, tasa ce."

Daidai nan wani icce ya fashe a wutarmu, tas! Garba ya ƙwalla ƙara ya faɗa jikin Baffa. Ba wanda ya yi dariya.

Kaka ta juya ta dubi ɗanta. Idonta tar, ta san shi sarai. "Nomau, ɗan ɗakin nan da kake ɗaurawa bayan rumbu, na awaki ne? Ka yi masa ƙofa da kyau, kura na yawo."

Baffa ya ajiye Garba, ya tashi ya fita ko sai da safe bai ce ba.

Har yau ban sani ba ko Kaka ta san bukkar tata ce. Ban kuma sani ba ko tatsuniyar tsohuwa ce da ta gada, ko a daren ta ƙaga ta da ɗan hankalin da ya rage mata. Ina yarinya na ɗauka labarin dodo ne. Na daɗe ina kwana da ƙafafuna a naɗe cikin zane.

Yanzu ni ce tsohuwar. Muna zaune a Sabon Birni, gidan da aka ba mu aro, tare da wasu da suka gudo daga wajen Isa da Kamarawa. Ina kallon tsofaffin da aka kwaso aka zube a inuwar bango. Ana ba su abinci, ba a bar su da yunwa ba, amma daga safe har dare ba hannun da ke sauka a jikinsu. Ɗiyansu na can neman abin da za a ci, jikoki na kan waya. Ina gani da idona yadda suke sandarewa, sannan su fara tambayar hanyar garin da aka ƙone. Jikata mai aiki a asibiti ta ce su ma ana koya musu tausar tsofaffi, tana sassauta jiki, tana kawo barci. Na ce mata madalla. Ba na cewa tausa na warkar da mantuwa, ƙarya ba ta cikin aikina. Kaka ba ta warke ba, ta ci gaba da ɓacewa tana dawowa. Amma da hannu a jikinta ta fi saurin dawowa, kuma in ta dawo ba ta dawowa da kuka. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne wanda na gane da girma: a tatsuniyar nan Mai-Hawa bai kori kowa ba. Mutanen gidan ne suka ja baya da kansu, kuma ba don mugunta ba, don tsoro. Shi ya sa ba na wasa da jikokina a kan wannan. In na ce a je a matsa wa tsohon da ke bayan ɗakinmu ƙafa, ba roƙo nake ba, ko ba danginmu ba ne.

A daren nan dai ba mu san abin da safiya za ta kawo ba. Inna ta kwana a ɗakin Kaka, mu muka kwana ido biyu muna sauraren motsin Baffa.

Gari na wayewa, kafin ya fito, Inna ta ɗauki tabarmar Kaka ta shimfiɗa a ƙofar gida, bakin hanyar da mata ke bi zuwa rijiya. Ta fito da Kaka ta zaunar da ita a hantsi, ta kawo kasko. A nan, gaban duk mai wucewa, ta yi mata tausa daga yatsu har ƙeya. Mata suka riƙa tsayawa da tuluna a ka. Wata ta ce, "Uwar Dije, kin gaji da duniya ne?" Inna ta ce, "Ina kwana. Kun tashi lafiya?" ta ci gaba da aikinta. Baffa ya zo ya tsaya a bakin zaure da igiyar ɗaure kaya a hannu, bai iya ratsa matan ba.

Da ta gama ta ɗaga Kaka tsaye, ta sa ta taka zuwa gindin iccen bedi ta dawo. Sannan ta riƙe hannunta suka nufi gidan Arzika, matan rijiya na biye, mu ma muna biye. Sani na kwance a tsakar gida kan tabarma, Hakama na yi masa fifita. Da ta ga Kaka ta miƙe za ta yi ihu.

Inna ta ce, "Kun ce ta ƙi tsallakewa. Ga ta." Ta saki hannun Kaka. "Gwaggo, ki tsallake yaron nan."

Kaka ta dubi yaron, ta tattare zanenta, ta ɗaga ƙafa ta tsallake. Ta juyo ta sake tsallakewa ba wanda ya sa ta. Sai ta sunkuya ta dafa goshinsa, Hakama ba ta samu zarafin hanawa ba.

"Wanga yaro wuta yake," in ji ta. "Kuna nan kuna wasan tsalle da tsohuwa? Ku sa shi a jaki ku kai shi Sabon Birni."

An kai shi, ya kuma tashi, amma wannan daga baya ne. A safiyar dai Inna ta kamo hannun Kaka suka dawo. Baffa na nan inda muka bar shi. Inna ta rusuna ta ce, "Yaya, a ba mu hanya, Gwaggo ba ta karya ba." Ya matsa gefe. Ta wuce da ita ta zaure, ta kai ta ɗakinta na cikin gida, ta zaunar da ita, ta tafi dama kunu.